Ƙyallayen Kubewar Yaya

Mijin yayata ya kai shekara sittin da uku bai taɓa binne ko ƙwayar albasa a ƙasa ba, kuma ran da ya tashi shiga lambu, da tsintsiya ya shiga. Duba-gari ne. Ya daɗe da ajiye aikin, amma sunan bai sake shi ba, shi ma bai saki halin ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana kutsa kai gidajen mutane cikin kaki mai sitaci, da tocila a hannu ko da rana tsaka, yana leƙa tulu da kwata da bayan murhu. In ya karyo kwanar layi sai ka ji kwanuka na ƙara, mata na rige-rigen kwashe shara. Babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa shan ko ruwa a gidan da ya je dubawa ba. Mutane na cewa gaskiya ce ta hana shi. Ni da na san shi na san ƙyama ce.

Ina 'yar shekara tara ya auri Yaya, shi ya sa har yau, da furfurata da jikokina, Auta yake ce mini. Ni kuma Yallaɓai nake ce masa, yadda Yaya ke kiransa in tana jin tsokana, kuma har ta koma ga Allah bai gane tsokana ba ce. Gidansu in ka shiga sai ka rasa inda za ka ajiye ƙafarka. Takalma a jere a bakin ƙofa suna kallon bango, kofuna a rataye daga babba zuwa ƙarami, tawul ɗin hannu daban, na fuska daban. Allah bai ba su haihuwa ba. Na taɓa ce wa Yaya wataƙila yaran leƙowa suke yi, su ga babu inda za su zubar da abinci, su koma. Ta yi dariya har da tari, sannan ta kawar da kai, ni kuma na yi da-na-sanin bakina, abin da ban cika yi ba.

Inda Yaya ke samun numfashi shi ne lambun unguwa. Wani fili ne a bayan tsohuwar tashar bas, da can juji ne, aka zagaye shi da waya aka yanka shi gida arba'in aka raba wa masu so. Famfo ɗaya, ƙofa ɗaya, kowa da mukullinsa, da 'yar hanya da ta ratsa tsakiya, faɗinta daidai baro guda. Yaya ta sami lamba sha huɗu, ni sha biyar, igiya ce kawai tsakaninmu. Shekara goma sha tara muna duƙe kafaɗa da kafaɗa, kuma ko sau ɗaya Yallaɓai bai tako ƙofar ba. Jujin nan naku, haka yake kiran wurin. Abu ɗaya ya taɓa yi saboda lambun: ya sa aka ja famfo a wajen ƙofar gidansu don Yaya ta wanke ƙafa kafin ta shigo masa. Amma in an zuba miya ba ya tambayar daga wane juji ta fito, har ƙari yake nema.

Ni tumatir nake yi da barkono da alayyaho, duk irin da na samu a kasuwa. Yaya kuwa kubewa ce a ranta, kuma ba kowace kubewa ba, ta Innarmu. Gajera ce mai kauri, da jan layi siriri a kowane gefe, ba ta ƙaiƙayi a hannu, ba ta saurin tsufa. Na zaga kasuwanni ban taɓa cin karo da irinta ba. Inna ta gaje ta a wurin tata uwar, ta bar wa Yaya a kwalba cikin toka, Yaya kuma ta riƙe abinta da rowa. Ko Kafinta, shugaban lambun, in ya roƙa sai ta ce ai bana bai yi yawa ba. Ni kaɗai ta taɓa ba, sau biyu, kuma duka biyun na cinye abina tas har da na iri, don ni in na ga kubewa ta yi kyau tukunya ce ke faɗo mini a rai. Ta rantse ba za ta ƙara ba ni ba. Ban damu ba, tunda ga ta nan a bayan igiya.

Yadda ake barin iri a lambunmu, ko wanda ya zo jiya ya sani. In kubewa ta fara 'ya'ya sai ka zaɓi mafi kyau a gindin da ya fi lafiya, ka ɗaura musu ƙyalle a wuya. Ma'anar ƙyallen ita ce kada a taɓa, na iri ne. Mai wurin ba zai manta ya tsinke ba, maƙwabcin da aka bar wa ban-ruwa ba zai tsinke ba, ko ɓarawo in yana da sauran mutunci tsallakewa yake yi. Sai a ƙyale su su yi tauri, su bushe a jikin uwarsu har ka ji ƙwayoyin na motsi in iska ta kaɗa. Yaya tsofaffin zannuwanta take yagawa. Ni tela ce, ni na kalmashe bakin yawancinsu, don haka in na ɗago daga tumatir ɗina ina iya cewa wancan shuɗin tun na shekarar da muka sami filin ne, wancan mai ganye-ganyen kuma ni na saya mata.

Shekarar da ta gabaci rasuwarta tsutsa ta yi mata ɓarna, irin da ta samu bai cika tafin hannu ba. Da ruwa ya sauka ta juye kwalbar kaf ta shuka. Kubewar kuwa ta yi kyau yadda ba ta taɓa yi ba. Ƙyalle goma sha ɗaya ta ɗaura, ni na riƙe mata almakashi. Bayan sati biyu ta kwanta, ta yi kwana tara a asibiti, ta rasu damina ba ta ƙare ba.

Sati uku na yi ban iya tura ƙofar lambun nan ba. Na fake da cewa an kusa komawa makaranta, ɗinkin kayan yara ya yi mini yawa, amma gaskiyar ita ce ba na son in ɗaga kai in ga babu kowa a bayan igiya. Na roƙi maƙwabciyata ta lamba sha shida, wata tsohuwar nas, ta riƙa duba mini nawa. Kubewar ba ta dame ni ba. Abin da ya rage mata kawai a ƙyale ta, kuma ban hango wanda zai kasa wannan aikin ba.

A ƙa'idar lambu, in mai fili ya mutu, mijinta ko matarsa ke da ikon ci gaba, in ba sa so su mayar da mukulli. Babu wanda ya yi shakkar Yallaɓai zai mayar da shi, riƙe da yatsa biyu. Kafinta har ya ce mini in ci gaba da kula da wurin sai an cire iri. Abin da ba mu lissafa ba shi ne mutumin ba ya zuwa ko'ina sai a lokacin ofis. Ƙarfe takwas na safe ya riƙa shigowa, lokacin da masu zuwan asuba sun tafi, masu zuwan yamma ba su zo ba, don haka kwana huɗu ya yi yana aikinsa babu wanda ya gan shi.

Ran da na koma, tun daga ƙofa na ji ƙauri. Lamba sha huɗu ta yi fes, babu kara, babu ganye, babu komai sai ƙasa da sawun tsintsiya a kanta. Ga shi tsaye a tsakiya cikin tsohon kakinsa. Can ƙarshen lambu, a ramin da muke ƙona ƙaya, hayaƙi na tashi.

"Sannu da zuwa, Auta," ya ce. "An bar wurin nan ya lalace. Kubewar duk ta tsufa, na sa wuƙa ta ƙi shiga. Na tumɓuke na ƙone."

"Ƙyallayen fa?"

"Tun ranar farko na cire su."

Da girmana da komai na ruga ramin nan, na sa sanda ina tona toka. Ban sami komai ba sai baƙin ɓawo da ke murmushewa a hannu. Na dawo bakina cike da magana, sai na ga fuskarsa: jira yake a gode masa. A nan na haɗiye abin da zan faɗa. Na yanke a raina cewa mutumin nan bai cancanci ko sanin abin da ya yi ba, ya zauna da jahilcinsa ya mutu da shi. Na ce wa Nas da Kafinta kada wanda ya gaya masa. Ba su sha wahalar riƙe alkawarin ba, don rabin mutanen lambun ya taɓa leƙa musu tulu, babu mai marmarin hira da shi. Daga ranar na daina yi masa magana. In ya gaishe ni in ɗaga fartanya kaɗan, shi ke nan.

Da sanyi ya shigo, lokacin latas da kabeji da karas, Yallaɓai ya fara noma, in dai za a kira abin noma. Ya zo da igiya da tef na awo, ya yanka fangali shida, kowanne kusurwarsa tsaf kamar an goge da dutsen guga. Ya auna tazarar kowace ƙwaya. Duk safiya sai ya share tsakanin shukar, ya kwashe duk ganyen da ya faɗo, har ƙasar ta yi sulɓi ruwa ya daina shiga. Da ya ga tana a cikin ƙasa sai ya sami gwangwani ya bi su ɗaya-ɗaya yana tsincewa, ya kai bayan waya ya zubar, Nas kuma ta zagaya ta kwaso ta zuba a nata. Abin da ya fi ba ni haushi, kuma ya fi ba ni dariya, shi ne karas. Duk ranar Litinin sai ya zaro uku ya duba ko suna girma, ya girgiza kai, ya mayar da su ramin ya danne. Mutumin da ya saba buɗe murfi ya leƙa, ya kasa yarda cewa akwai abin da ke tafiya daidai ba tare da ya gani ba.

Bai tsaya a filinsa ba. Taron lambu na farko da ya halarta, kafin a tashi ya zama mai kula da tsabta, muƙamin da babu shi sai da ya zo, kuma aka ba shi don a samu a tafi gida. Ya sa Kafinta ya yi allo, ya rubuta dokoki bakwai da farin fenti, aka kafa a bakin ƙofa. Ta huɗun ita ce abar ƙaunarsa: ba a ajiye komai a kan hanya, ba a barin komai ya tsiro a kanta, abin da aka samu za a kawar ba tare da sanarwa ba. Ya kifar wa Nas da duron da ta jiƙa taki a ciki, wai ya ga 'ya'yan sauro. Ya cinna wa tarin takinmu wuta, takin da muka yi wata shida muna tarawa, sai da Kafinta ya zo da bokiti aka ceci rabi. Abu ɗaya zan ba shi, don ba na son a ce na rage masa. Ya sami fasassun bulo ya shimfiɗe hanyar tun daga ƙofa har ramin ƙona ƙaya, shi kaɗai, a kan gwiwoyinsa, sati biyu cur, kuma tun daga lokacin baro bai ƙara maƙalewa a taɓo ba. Kowa ya ji daɗi, babu wanda ya ce masa sannu.

Sai zafi ya zo. A bazara duk mai hankali yana lulluɓe gindin shukarsa da busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima, ya yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma. Yallaɓai ya ce ciyawa maɓoyar ɓera ce. Ban-ruwansa kuma ƙarfe sha biyu na rana, don haka ya rubuta a jadawalinsa. Fangulansa suka tsage, latas ya yi ɗaci ya miƙe sama, kabeji ya ƙi naɗewa. Karas ɗin da ya tsira daga binciken Litinin bai wuce ɗan yatsana ba. Ya wanke su, ya jera su daga babba zuwa ƙarami a kan jarida, ya ɗauka ya bi ta gabana a hankali don in gani. Na gani, na yi tsaki yadda zai ji.

Wata rana a cikin zafin nan na dawo ɗaukar almakashin da na manta, na tarar da shi zaune a kan bokitin Yaya da ya kifa, yana cin busasshen burodi da ruwan shayi daga kwalba. Idon tela ba ya ƙarya: wuyan rigarsa ya yi masa yawa da kamar yatsa biyu, wandon kuma ya ƙara wa bel ɗinsa huda. Na san ba mai dafa masa, na san ba ya cin abincin waje. Tausayi ya taso mini, na tuna ramin toka na danne shi. Na ɗauki almakashina na wuce.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo baya. Kwana biyar bayan nan, da yamma, ina turo baro a kan hanyar bulon nan, daidai inda igiyarmu ta ƙare, sai na ga wasu tsirrai uku sun leƙo ta tsakanin bulo. Na kusa bi ta kansu. Abin da ya tsayar da ni jan da na gani a ƙasan karan. Na durƙusa. Gyauro ne, wato abin da ke fitowa da kansa daga irin bara da ya zube. Ashe ran da ya kwashi kubewar zuwa rami, wata da ta riga ta bushe ta fashe a hanya, ƙwayoyin suka faɗa ƙasa aka tattake su, shi kuma da hannunsa ya zo ya jera bulo a kansu, tsintsiyarsa ta kasa kai musu. Na zauna daɓas a kan hanya na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Kubewa ba ta son dashe, balle wadda saiwarta ke matse tsakanin bulo. Inda ta fito nan za ta zauna, ko ta mutu. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in je gidansa a yammacin nan in buɗe baki. Amma wata tara na yi ina gina gabar nan, na ji ba zan iya rushe ta a kan ƙafata ba. Sai na yi dabara. Ni da na fi shekara arba'in da sanin mutumin nan, na ɗauki wani yagaggen kwando na kifa a tsakiyar hanyarsa, a ƙarƙashin dokarsa ta huɗu, wai na ɓoye. Na ce gobe zan riga shi zuwa in san abin yi.

Washegari wata mai karɓar ɗinki ta tsare ni a ƙofa da ƙorafin hannun riga. Takwas da minti goma na tura ƙofar lambu. Kwandon na kan baronsa. Shi kuma yana duƙe da fartanya, biyu na kwance a kan bulo saiwarsu a sama, ya ɗaga hannu kan ta ukun.

"Yallaɓai, tsaya."

Ya tsaya, ina jin mamakin jin muryata ne ya tsayar da shi. Ya nuna allon da haɓa. "Doka ta huɗu, Auta."

"Kubewar Yaya ce. Wannan ɗayar ita ta rage a duniya."

Na gaya masa komai, ban tauna ba. Na gaya masa Inna, da uwar Inna, da kwalbar toka da ke kan kantar kicin ɗinsa, wadda na tabbata ya wanke ta da sabulu, ya kuwa gyaɗa kai ya wanke. Na gaya masa cewa abin da ya kira tsufa shi ne abin da Yaya ta shuka ta don shi, cewa da ya zauna a gidansa yana jera kofuna da yanzu kwalbar a cike take. Na ce masa ya ƙone abin da mata uku suka riƙe shekara da shekaru, saboda ya ga tsumma ya kasa haƙuri. Duk abin da na tara a wata tara na juye masa a tsaye, kuma na ji daɗin juyewar.

Bai kare kansa ba. Ya ajiye fartanyar a hankali, ya dubi biyun da ke kwance.

"Ƙyallayen nan alama ce?" ya ce.

"To me ka zata? Ado?"

"Zannuwanta ne." Ya dafa aljihun ƙirjinsa. "Na shigo na tarar ruwa na dukansu, rana na cinsu. Na ce ba za a bar kayanta a waje ba."

Ya ɓalle maɓallin aljihun ƙirjinsa ya zaro su. Goma sha ɗaya, a wanke, a goge, a ninke ɗaya kan ɗaya, shuɗin a sama. Gefensu har ya yi laushi saboda yawan taɓawa. Ni da na ɗinka bakin zannuwan nan, ni da nake taƙamar na san kowanne da shekararsa, ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa shi ma ya san su ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Na ce ai bai tambaya ba. Na san ba amsa ba ce tun kafin in rufe baki. Da na yi magana jiya da yamma, da uku ne a tsaye.

Kada a zaci daga ranar ya zama manomi. Bai zama ba, kuma ba zai zama ba. Ya mayar da biyun da ya sare cikin ƙasa ya ɗaure su da tsinke, na ce masa ba karas ba ne, kafin la'asar sun yi yaushi. Ɗayar da ta rage kuwa ya mayar da ita ofis. Ya ɗage bulo huɗu a kewayenta, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya toshe hanyar ruf, har sai da masu baro suka koma ratsawa ta kusurwar filina suna tattake mini alayyaho. A taro aka taso shi a gaba. Kafinta, da ya daɗe yana jiran ranar nan, ya karanta masa doka ta huɗu da ƙarfi, kalma-kalma, har da ba tare da sanarwa ba. Nas ta tambaya ko a kawo duronta shi ma a kafa masa turaku. Aka yi ta dariya. Yallaɓai ya tsaya ƙiƙam cikin kakinsa ya sha dariyar nan, da safe kuma muka tarar ya ƙara layi a ƙasan dokar da farin fenti, da kyakkyawan rubutunsa: ban da kubewa ɗaya.

Ni ce na sha wahalarsa. Sai da na ƙwace tsintsiya a hannunsa sau uku a gindinta. Sai da na hana shi wanke ganyenta da sabulu. Da na ce tana son taki ya zo da safar hannu da cokali, na ce ya cire ya ɗiba da hannu kamar mutane, ya ɗiba yana kawar da kai. Ya daina jiran ƙarfe takwas, ko mai zuwan asuba a can yake tarar da shi, tsugune yana leƙa bayan ganye da tsohuwar tocilarsa yana neman tsutsa, kuma a karon farko a rayuwarsa leƙen ya yi amfani. Na fara kawo abinci kwano biyu, don ba zan iya ci yana kallona ba. Ya duba kwanon ta ciki da waje kafin ya ci, na yi kamar ban gani ba.

Kubewar ta yi fure ruwan ɗorawa mai jan ciki, ta fara 'ya'ya, gajeru masu kauri da jan layinsu. Ran da na ga uku na farko sun isa, na ce masa yau ne. Hadari na haɗuwa ta gabas. Ya ɓalle aljihu ya miƙo mini ƙyallayen duka.

"Ki ɗaura, Auta. Ke kika iya."

"Kai ka kwance, kai za ka ɗaura."

Ya daɗe yana zaɓe kafin ya ɗauki shuɗin. Ya durƙusa a kan bulonsa ya zagaya shi a wuyan babbar, ya ƙulla, ya ga kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya kwance ya sake. Na ce ya sassauta, ba ɓarawo ya kama ba. Ya sassauta. Ya ɗaura na biyu da na uku. Iska ta taso, ƙyallayen suka fara kaɗawa, ya ɗaga kai ya dubi sama, sai na ga ya kai hannu ya rufe shuɗin da tafinsa.

"Za a yi ruwa," ya ce. "Zai jiƙe."

"Zai jiƙe, ya koɗe, ya yage. Don haka Yaya ta yaga shi."

Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannunsa, na biyu a kan kakinsa. Ina tsaye ina kallon yatsun nan, na san in suka matsa kaɗan ƙullin zai kwance. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun, ya tura shi cikin aljihun wando, ya bar ruwan ya sauka a kan zanen.